Tsohuwar Bencin Baya

Tamar ta tsaya gaban malamai da takarda a hannu, muryarta na sarƙewa. Yau take gabatar da bincikenta kan cutar citta a jami'a, a Kafanchan. Kowane ɗalibi ya zo da 'yan'uwansa, ita kuwa ba wanda ya zo mata daga Zonkwa.

Can a bencin baya ta hango wata tsohuwa tana gyaɗa mata kai. Ta kafe ta da ido. Muryarta ta daidaita, bayani ya yi ta zuba har malamai suka tafa.

Da aka watse ta je yin godiya. "Mama, ashe kin gane bayanina!"

Tsohuwar ta ɗauki tsintsiyarta. "Ni ba na jin Turanci, yarinya. Shara na zo yi. Na ga ba ki da kowa ne, shi ya sa na zauna."