Mai Aikatau a Gidan Hajiya

Hajiya ta ƙwala wa mai aikinta kira: "Ummukulsum, fito! 'Yan jami'a ne masu binciken rayuwar masu aikatau."

Tun daga wajen wanke-wanke Ummukulsum ta gane muryar wani saurayi a cikin baƙin. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta fito ta tsuguna nesa.

"Baiwar Allah, 'ya'yanki nawa?" saurayin ya tambaya, idonsa a kan takarda.

Ta ɗaga yatsa ɗaya.

"Ya san aikin da kike yi a Daura?"

Ta girgiza kai. Shekara shida tana ce wa ɗan nata atamfa take sayarwa.

Saurayin ya ajiye biro. "Na sani, Iya. Ni na roƙa a turo ni gidan nan. Tashi mu tafi gida."