Tulun Kaka Bai Hau Mota Ba

Ranar da gwamnati ta tashe mu daga tsohuwar Wuse za a gina birni, Kaka ta fito da tulun tsafin gidanmu a kafaɗa, irin ɗaukar matan Gwari. Har yau ina jin warin tsohuwar giyar da ke bakinsa.

Babana Musulmi ne, ƙanensa Baffa Yohanna Kirista, ko gaisuwar kirki ba sa yi. Amma ran nan tare suka tare mata hanyar shiga motar da za ta kwashe mu.

Baba ya ce, "Inna, wannan ba zai hau ba. Annabi Ibrahim ma gumakan ubansa ya farfasa."

Baffa ya ce, "Ai mu da Yahudawa mun riga ku saninsa. Barin gidan uban ya yi gaba ɗaya."

Kaka ta harare su. "Da ƙyanda ta kwantar da ku, Ibrahim ɗin ne ya zo? Tulun nan na yi wa kuka."

Baffa ya fizge tulun, Baba ya karɓe ya rotsa shi da ƙasa. Kaka ta durƙusa tana tsince gutsattsarin a bakin zaninta.

Ni ina sallata, ba na fashi. Amma haɗin kan da na taɓa gani a wurinsu ke nan, a kan tsohuwa, kuma ban yafe musu ba.