Mai Auna Gemu

Halidu ba ya tambayar mai saye abin da yake so sai ya fara duba haɓarsa. Tun da kumandan, Baturen mulki, ya fitar da doka cewa albarushi kada ya shiga hannun wanda bai kai shekara ashirin ba, butik ɗin Mushe Lorang, wato kantin Baturen nan da ke bakin kogi a Gaya, ya koma kamar kotu. Takardar haihuwa kuwa, a garin kaf ba a haɗa mutum goma masu ita.

Don haka Halidu ya ƙirƙiro nasa ma'aunin. Yana tsaye bisa akwati a bayan kanta, rawani ya rufe masa baki saboda ƙurar albarushi, sai ya jawo murya daga can cikin maƙogwaro ya ce a ɗaga kai. In babu gemu, a faɗa masa inda mutum yake shekarar da fara ta cinye gonaki. Wanda ya yi inda-inda, ga hanya. Samari sun zage shi da Dandanci, sun zage shi da Zabarmanci, ko gezau. Mushe kan ce cikin duk akawunan da ya taɓa ɗauka babu dattijo irin wannan baƙon daga Karakara.

Ranar wata kasuwa Alasan ya shigo, ɗan guntun mutum, fuska sumul kamar ƙwarya. Dorina ta gama da rabin shinkafarsa, jiya kuma ta kife jirgin maƙwabcinsa.

"Ɗaga kai," in ji Halidu. Ya duba, ya kaɗa kai. "Je ka turo babanka, yaro."

Alasan ya ce 'ya'yansa huɗu. Halidu ya ce kowane yaro haka yake faɗa. Alasan ya ce shekarar fara da hannunsa ya cika buhu da ita. Halidu ya ce labarin nan ko jariri ya ji shi a bakin kakarsa. Alasan ya doki kanta har ma'auni ya yi tsalle, mutane suka cika ƙofa, wani gardi, dogarin kumandan, ya leƙo da bulala.

"Kawo babba ya shaide ka," Halidu ya ce, ya juya ga na bayansa.

Da la'asar Alasan ya dawo riƙe da sandar wata tsohuwa, Bibata, ungozomar ƙauyen da Alasan ya baro tun tuni, wadda ta zo Gaya neman maganin ido. Mushe na nan zaune yana shan lofe, ya sa gardi ya riƙa fassara masa, don ya ga yadda akawunsa ke aiki.

Da ganinta Halidu ya ƙara jan rawani sama. Tambayoyin da ya saba jerowa duk suka ƙafe. Ya ce ya yarda, ba sai Inna ta wahalar da bakinta ba, ya auna albarushi cikin sauri ya miƙa ƙunshin.

Tsohuwa ce ta fi kusa. Ta lalubo ƙunshin, ta haɗa da hannun da ya miƙo shi. Yatsanta ya tsaya kan wani ɗan tabo gefen ƙaramin yatsa, ta shafa, ta sake shafawa, fuskarta ta washe.

Mushe ya cire lofe ya ce a tambaye ta ko ta san shekarun yaron.

"Wanne daga ciki?" in ji Bibata. "In Halidun Aisata ne, ni na yanke masa cindon nan shekarar da aka kwashi samari yaƙin Jamus, damina sha shida ke nan, Alasan kuwa shi ya kayar da ragon sunan Halidun."