Ranar da Aka Tashi Hansatu

Tun da aka rage tallafin karatu a ƙasashen waje, duk ɗalibin da kuɗinsa ya yanke sai jami'a ta sa shi dogon barci a ɗakin sanyi har a samu wani tallafin. Haka aka yi wa Hansatu 'yar Funtuwa, tana tsakiyar bincike kan cutar gero.

Ranar da aka tashe ta, ma'aikaciyar ɗakin ta miƙo mata shayi ta ce, "An samu tallafi, amma na wata guda ne. In ba ki gama ba, gadonki na nan."

Hansatu ta roƙi waya, ta kira gida don ta ji muryar Ummita, 'yarta da ta baro tana koyon tafiya. Wata babbar mace ta ɗauka, jariri na kuka kusa da ita.

"Don Allah a ba ni Ummita. Mamarta ce."



"Ni ce," in ji matar. "Ki yi haƙuri, Hajiya, ina shayarwa. In ma don geron ne, an daina nomansa tun ina firamare."

Ma'aikaciyar ta karɓe wayar, ta tuna mata cewa watan ya riga ya fara.