Kunnen Tumwine

Ran nan da yayyafi aka tashi a yankin Bwindi. Tumwine, mai raka baƙi kallon goggon biri, ya je neman auren Kemigisha, alhali shi ya tsintsinke tarkunan ubanta a gandun daji.

Tsohon ya fito da adda. Tumwine bai gudu ba, ya tsuguna ya sunkuyar da kai, yadda yake yi in goggon biri ya taso masa, don ya tsaya.

"Ni ka mayar biri?" in ji tsohon. Adda ta sauka, kunne ya faɗi.

Kemigisha ta dubi uban, ta daɗe. Sannan ta cire ɗankwalinta ta danne jinin.

"Tashi, sakarai! Birinka ne ke tsayawa, Baba ba ya tsayawa. Mu tafi."

Yau suna zaune a garin Buhoma, 'ya'yansu huɗu. Da kunne ɗaya yake jin faɗanta.