Maɗori a Garin da Ba a Jin Harshensa

Gyara zama, ɗan'uwa, in ba ka misali.

Wani maɗori ne ya yi ɓatan kai da damina. Rafi ya cika ya raba shi da ayarinsu, ya yi ta tafiya har ya faɗa wani ƙauye a bayan duwatsu, inda ko "ruwa" ya ce babu mai ganewa. Ya tarar da jama'a sun yi cirko-cirko a gindin giginya, ashe wani magidanci ne ya faɗo, ƙafarsa ta karye. Da maɗorin ya matso, sai wan mutumin ya tare shi da mashi, gira a haɗe, haƙora a cije. Gaban maɗorin ya faɗi, ƙafafunsa suka nemi gudu tun bai yi shawara da su ba. Amma da ya sake duban mai mashin, sai ya ga leɓensa na rawa, idonsa kuma na ta komawa kan ƙaninsa. Ai ya san wannan fuska! Ya sha ganinta a zauren ubansa inda ake kawo masu karaya, a kan Bahaushe da Bafulatani da Buzu: tsoro ne ya ari rigar fushi. Sai ya ajiye jakarsa, ya durƙusa, ya ɗauki kara ya karya, ya haɗa, ya ɗaure da zare, ya nuna ƙafar. Sannu a hankali bakin mashi ya sunkuya ƙasa.

Mai karayar ba shi da bakin da zai ce masa "nan ne". Maɗorin ya riƙa bin ƙashin da yatsa, idonsa a kan fuskar mutumin, inda ya ga ya runtse ido ya yamutsa goshi, nan ya tsaya. Ya yi bismilla ya ja, ƙashi ya koma mazauninsa, ya jera karare ya ɗaure tam. Kwana arba'in ya yi a garin yana duba ɗorin. Ranar da mutumin ya jefar da sanda ya taka da ƙafarsa har bakin rijiya, matarsa ta fashe da kuka tana dariya, wansa mai mashin nan ya sunkuci maɗorin a kafaɗa ya zaga gari da shi, yara da tsofaffi na biye suna sowa. Maɗorin ma dariya yake har da hawaye, babu wanda ya nemi tafinta.

To ka gani. Harshe kowa da na garinsu, amma faɗuwar gaba da ɗaure fuska da murmushi a jini da tsoka suke. Gado ne daga kakannin farko, waɗanda suka tsira a daji don sun iya gane mai razana da mai nufin cuta tun kafin a buɗe baki. Shi ya sa Hausawa suka ce, labarin zuciya a tambayi fuska.