Kaset na Biyu

"Yaya, ji wannan, sannan ki ji wancan," in ji Gide, ƙanen Safara'u mai sayar da kaset a kasuwar 'Yankara. Ya danna rikoda.

Na farkon ta san shi. Garayar tsohon mijinta Sha'ibu ce, wanda aka ce mota ta kashe a Ikko. Kiɗan na gudu, muryar tas.

Ya sa na biyu. Salon kiɗan bai canza ba, amma ya yi sanyi, muryar ta dushe.

"Wani ne ke kwaikwayon shi," ta ce.

"Bana aka ɗauke shi, Yaya. Saurara dai."

Sai muryar ta kira sunanta. Waƙar makoki ce: Safara'u ta rasu wajen haihuwa, shi kuwa ya bar Faskari har abada. A ƙarshe ya gode wa amininsa Harisu, da ya je har Ikko ya sanar da shi.

Harisu ne ya kawo mata labarin mutuwar Sha'ibu. Shi ta aura bayan takaba. Ga shi nan yana sallama a zaure.